Wata shida ina karatun dokokin Ayilan daga Garwa: ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu?

Ina aiki ne a ofishin wani lauya a Garwa, inda nake shirya dosiye da rubuta takardun shigar da ƙara tun bayan da na kammala lisans, wato digiri na farko, a fannin shari'a a Jami'ar Ngaundere. Duk wanda ya yi irin wannan aiki a Kamaru ya san cewa ƙasarmu tana tafiya ne da tsarin shari'a biyu: jihohi takwas suna bin wanda aka gada daga Faransa, Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma kuma suna bin na Ingila, wanda ake gina shi a kan hukunce-hukuncen da alƙalai suka yanke a baya. Tun da dokar tafiyar da shari'ar manyan laifuka ta 2005 ta fara aiki a farkon 2007, ta kuma haɗa abubuwa daga ɓangarorin biyu, ya zama ba a raba mu da takardun lauyoyin Bamenda da Buya, hedkwatocin jihohin nan biyu, kuma sau da yawa nakan karanta hujjojinsu in fahimci kowace kalma amma in kasa gane inda tunanin ya dosa. Wannan ne ya sa na yi rajista da wata makaranta mai zaman kanta da ke Dablin, wadda take koyar da dokar manyan laifuka, da dokar ɓarna da biyan diyya, da tsarin hukunta masu laifi na ƙasar Ayilan ta intanet, daga watan Satumba zuwa Maris.

Na zaɓi Ayilan ne saboda kuɗin ya fi sauƙi a kan kwasa-kwasan Ingila da na duba, kuma saboda ita ma ƙasa ce da ta gaji dokar Ingila sannan ta ɗora mata rubutaccen tsarin mulki a 1937, wanda hakan ya sa ta fi kama da halin da muke ciki. Na biya Yuro 400, wato sefa 262,000 da ɗoriya, tun da Yuro ɗaya a tsaye yake a kan sefa 655.957. Biyan kansa ya ci mini mako biyu, domin makarantar kati kawai take karɓa, ba ta san da kuɗin waya da muke hada-hada da shi a nan ba, katin bankina kuma sau uku ana mayar da shi, sai da wani ɗan'uwa da ke Yawunde ya biya da nasa na tura masa ta waya.

Ɓangaren ɓarna da diyya shi ne ƙashin bayan kwas ɗin, kuma a nan ne na ga amfanin kuɗina. Mu da muka tashi da kundin dokar farar hula na Faransa mun haddace sashe na 1382, wanda ya ce duk wanda ya jawo wa wani cuta ta hanyar kuskurensa wajibi ne ya gyara, kuma daga wannan jimla guda muke gangarowa zuwa kowace shari'a. Malamar da ta koyar da mu ta fara ne daga ƙasa, daga kwalbar lemon citta da aka saya wa wata mata mai suna Donoghue a wani shagon shan shayi a garin Paisley na Sikotilan a 1928. Kwalbar ba a ganin cikinta, sai da ta sha rabi aka tsiyaye ragowar, sai ga ruɓaɓɓen dodon koɗi, kamar yadda ta yi ƙara. Ba ita ta saya ba, saboda haka babu ciniki tsakaninta da kowa, amma a 1932 kotun ƙoli ta Birtaniya ta yarda cewa mai sarrafa lemon yana da wajibcin kula da wanda zai sha. Alƙali Atkin ya gina hukuncin a kan maƙwabtaka, inda ya ce maƙwabcinka a idon doka shi ne duk wanda ya kamata ka hango cewa aikinka zai iya shafarsa. Malamar ba ta bar mu da labarin kawai ba. Ta sa mun karanta hukuncin da kansa, da ra'ayin alƙalai biyun da suka saɓa, sannan ta bi da mu shekara bayan shekara muna ganin yadda kotunan Ayilan suka faɗaɗa wannan ƙa'ida, har zuwa shari'ar kamfanin Glencar da ƙaramar hukumar Mayo, inda kotun ƙoli ta ja linzami ta ce ban da hangen cutar da kusancin ɓangarorin, sai an duba ko adalci ne a ɗora wa wanda ake ƙara wannan nauyi. A mako na biyar na ɗauko wata tsohuwar takardar lauyan Bamenda daga kabad na sake karantawa, sai na ga ashe abin da nake ɗauka kame-kame ne hawa ne na tsani, kowane hukunci da ya ambata mataki ne.

Akwai darasi guda da ya fito da ni daga ɗaki har zuwa zaure. Ayilan ƙasa ce da shanunta suka fi mutanenta yawa, saboda haka dokarta ta daɗe tana fama da ɓarnar dabbobi. Idan shanunka suka shiga gonar maƙwabci za ka biya ko da ba ka yi sakaci ba, amma a da idan suka fita kan hanya suka jawo haɗari babu abin da ya hau kanka, sai da dokar dabbobi ta 1985 ta soke wannan kariya. Na kai wa kawuna wannan zance, wanda ya shafe fiye da shekara talatin yana fataucin shanu tsakanin Adumri da kudu, ya saurara har na gama yana jan carbi, sannan ya ce, "Ɗana, har Turai ka biya kuɗi don wannan? Ai tun muna yara alƙalin fada yake cewa ɓarnar dare ta mai dabba ce, ta rana kuwa mai gona ne ya kamata ya tsare gonarsa." Na ce, "Kawu, gaskiya ne, amma su ba su raba dare da rana ba." Ya ce to lallai gonakinsu da shinge. Kuma haka ɗin ne, domin makiyayarsu a killace take, shi ya sa idan saniya ta fita ake ɗauka cewa mai ita ne ya gaza. A daren na ɗauko sashe na 1385 na kundinmu, wanda ya ɗora alhakin ɓarnar dabba a kan mai ita ko wanda take hannunsa, na jera shi da hukuncin Malikiyya da kawu ya faɗa da kuma na Ayilan, na rubuta shafi uku da babu wanda ya sa ni. Kwas ɗin bai koyar da wannan kwatance ba, amma shi ya ba ni abin da na kwatanta.

Haka aka bi da mu ta dokar 1961 wadda ta ba kotu damar raba laifi tsakanin mai ƙara da wanda ake ƙara, ta yadda wanda ya hau babur babu hular kwano za a rage masa diyya gwargwadon nasa sakacin, da dokar 1995 kan alhakin mai gida ga baƙo da mai shaƙatawa da wanda ya shigo ba izini, da shari'ar Dunne ta 1989 kan sakacin likita. Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce shari'ar Byrne da ake ambata da shekarar 1972, ta wata mata da ta faɗi a gefen titi a garin Bray inda ma'aikatan gidan waya suka haƙa rami suka cike shi ba da kyau ba. Gwamnati ta kare kanta da tsohuwar ƙa'idar cewa ba a ƙarar sarki, kotun ƙoli kuma ta amsa cewa a ƙarƙashin tsarin mulkin 1937 jama'a ne masu iko, ƙasa kuwa ana iya gurfanar da ita kamar kowa. Duk mai tafiya a ƙafa a unguwanninmu lokacin damina zai fahimci dalilin da ya sa na karanta wannan hukunci sau biyu.

Aibin da na gani a wannan ɓangare shi ne wasu bidiyoyin sun tsufa. A ɗaya daga ciki ana bayanin ƙimar diyyar rauni da tsohon littafin ƙiyasi, alhali tun 2021 alƙalan ƙasar suka amince da sababbin ƙa'idoji da suka maye gurbinsa, hukumar da ake fara kai wa irin wannan ƙorafi kafin kotu ita ma an sauya mata suna a 2023. An gyara wannan a takardun da ke rakiyar darasin, amma wanda ya dogara da bidiyo kaɗai zai fita da tsohon labari.

Dokar manyan laifuka wani malami ne ya ɗauke ta, tsohon lauya mai saurin magana, kuma a nan ne kunnena ya sha wuya. Turancin da na koya a makaranta da wanda nake ji a bakin 'yan Najeriya a kasuwar Garwa bai shirya ni wa lafazin Ayilan ba, bidiyon kuma babu rubutu a ƙasansa, saboda haka darasin minti arba'in yakan ci mini awa biyu ina mayarwa baya. Abin da ke ciki dai mai kyau ne. Ya fara da ƙa'idar shari'ar Woolmington ta 1935, cewa mai gabatar da ƙara ne zai tabbatar da laifi, ya haɗa ta da sashe na 38 na tsarin mulki wanda ya hana a yi wa kowa shari'a sai bisa tafarkin doka. Ya tsaya sosai a kan kisan kai, inda dokar 1964 ta ce ba a kiran kisa na ganganci sai an yi niyyar kashewa ko yin mummunan rauni, hukuncinsa kuma ɗaurin rai da rai ne wanda alƙali ba shi da ikon ragewa. Ayilan ta zartar da hukuncin kisa na ƙarshe a 1954, ta soke shi gaba ɗaya a 1990, sannan a 2001 jama'a suka kaɗa ƙuri'a aka rubuta haramcinsa a tsarin mulki. Mu kuwa yana nan a kundinmu da aka sabunta a 2016, ko da yake an daɗe ba a zartar ba. Wani bambancin da na lura da shi shi ne shekarun ɗaukar alhakin laifi: a wurinsu sha biyu ne, sai a manyan laifuka kamar kisa da fyaɗe da ake saukowa zuwa goma, mu kuwa yaron da bai kai goma ba ne kawai babu alhaki a kansa sam.

Mako mafi daɗi a wannan ɓangare shi ne wanda aka yi kan shaidar da 'yan sanda suka samo ta hanyar keta haƙƙin wanda ake zargi. Daga 1990, bisa shari'ar Kenny, kotunan Ayilan suna watsi da irin wannan shaida ko da ɗan sandan bai san yana keta haƙƙin ba, misali ya shiga gida da takardar izinin bincike mai aibi. A 2015 kotun ƙoli ta sassauta wannan a shari'ar da ake kira JC, da rinjayen alƙalai huɗu a kan uku, ta ce kuskuren da ba na ganganci ba bai isa ya kashe shaida ba. Malamin ya raba mu gida biyu ya sa muka yi muhawara kai tsaye, ni aka sa ni a ɓangaren alƙali Hardiman da ya saɓa da kakkausar murya. A jami'a ban taɓa karanta hukuncin da alƙali ya fito da sunansa ya ce abokan zamansa sun yi kuskure ba, domin a tsarin da muka gada kotu da murya ɗaya take magana, cikin 'yan sakin layi masu farawa da "ganin cewa". Wannan kaɗai ya canza yadda nake kallon aikin alƙali.

Zan faɗi abin da ya same ni a jarrabawar gwaji ta farko, domin duk wanda ya fito daga jami'o'inmu zai faɗa wannan rami. An ba mu labarin wani mutum da ya tarar da ɓarawo a gidansa da dare ya buge shi, aka ce mu ba shi shawara. Na zauna na tsara amsa kamar yadda aka hore mu a jami'a: gabatarwa, matsalar shari'a, kashi biyu, kowanne da rassa biyu, kanun kowane kashi yana amsa ɗan'uwansa. Na yi alfahari da ita. Da ta dawo, makin da kyar ya haye rabi, malamin kuma ya rubuta a gefe cewa rubutun ya tsaru amma har ya kai ƙarshe bai ga inda na gaya wa mutumin ko za a ɗaure shi ba. Abin da ake so shi ne a ɗauki dokar 2011 kan kare gida, wadda ta halatta amfani da ƙarfin da ya dace ba tare da wajabta wa mai gida ya gudu ba, a auna ta da kowane abu da ya faru a labarin, wane makami, bugu nawa, ɓarawon yana shigowa ne ko yana gudu, sannan a faɗi inda ake ganin kotu za ta karkata. Da na nuna wa maigidana takardar sai ya yi dariya ya ce, "Malam, ai abin da nake gaya maka ke nan shekara uku, mai ƙara bai zo jin lacca ba." Na ce, "Metir, na ji yanzu, tun da na biya Yuro." Gyaran amsoshi shi ne sabis mafi daraja a kwas ɗin, kuma sau huɗu kawai ake yi, ga shi yakan ɗauki mako uku kafin ya dawo.

Kashi na uku, wato tsarin hukunta masu laifi, an yi shi ne a gurguje. An jero mana kotuna daga ta gunduma zuwa ta ƙoli, da kotun ɗaukaka ƙara da aka kafa a 2014, da rundunar 'yan sanda ta Garda da aka kafa a 1922 wadda yawancin jami'anta ba sa ɗaukar bindiga, da ofishin babban mai gabatar da ƙara na dokar 1974, duk a allunan rubutu da ake karantowa. Kotun musamman mai alƙalai uku, wadda take zama ba tare da mutum goma sha biyun nan da ake zaɓowa daga jama'a su yanke hukunci ba, kuma take aiki tun 1972 saboda rikicin Arewacin Ayilan har ta koma shari'ar gungun masu laifi, minti goma aka ba ta. Ga wanda yake zaune kusa da Jihar Arewa Mai Nisa, inda kotun soja take shari'ar ta'addanci, wannan batu ya cancanci mako guda. Gidajen yari da batun gyaran hali kuwa an ambace su ne kawai. Aikin da aka ba mu a wannan kashi shi ne mu je kotun gunduma mafi kusa mu zauna yini guda mu rubuta rahoto, wanda ya nuna cewa ba a tuna da ɗalibin da ke wajen ƙasar ba. Na rubuta musu, suka amince in je kotun matakin farko ta Garwa, amma mai gyaran bai san abin da ake nufi da wanda aka cuta ya shiga shari'ar laifi yana neman diyya a zama ɗaya ba, har ya sa alamar tambaya a wurin, alhali wannan abu ne na yau da kullum a wurinmu.

Ta fuskar na'ura, dandalin yana buɗewa a waya, sai dai bidiyoyin suna cin data sosai kuma babu damar sauke sauti kaɗai, wanda da shi ne ya fi dacewa da mu. A watannin Fabrairu da Maris, lokacin da ruwan madatsar Lagdo mai ba mu lantarki yake ja baya wuta take yawan ɗaukewa, zafi kuma ya haura digiri 40, na rasa zama uku na kai tsaye, amma ana ajiye rikodin, wannan kam sun kyauta. Agogo ma ya taɓa yi mini wasa. A Satumba lokacinmu ɗaya da Dablin, darasin ƙarfe bakwai yana faɗowa dab da Isha'i, sai a ƙarshen Oktoba suka mayar da agogonsu baya da awa guda ba tare da makarantar ta sanar ba, na zauna ina ta sabunta shafi ina zargin layin waya har takwas ta buga. Daga nan darasin ya koma bayan Isha'i, wanda ya fi mini. Littattafan da aka ba da shawara suna da tsada, kuɗin aiko su ma ya kusa na sayensu, saboda haka na dogara da shafin dokokin ƙasar na gwamnati da shafin hukumar kotuna da kuma BAILII, inda ake samun dokoki da hukunce-hukunce kyauta.

Abin da ya kamata kowa ya sani kafin ya fitar da kuɗinsa shi ne matsayin takardar shaidar. Tallar makarantar tana cewa kwas ɗin mataki ne zuwa aikin lauya, wanda bai zama ƙarya ba amma an ja shi da nisa. A Ayilan mai son zama lauyan ofis sai ya ci jarrabawar shiga ta ƙungiyar lauyoyi mai darussa takwas, waɗanda laifuka da ɓarna biyu ne kawai daga ciki, mai son tsayawa gaban kotu kuma sai ya bi ta makarantar horar da lauyoyi ta King's Inns. A Kamaru ma takardar ba ta rage maka ko kwana ɗaya daga jarrabawar shiga aikin lauya da shekara biyu na koyon aiki, ba ta kuma ƙara maka maki a gasar shiga ENAM, makarantar horar da alƙalai da manyan ma'aikatan gwamnati. Dokar Ayilan ba ta ɗaure kotun Bamenda, domin abin da dokar babbar kotun Kudancin Kamaru ta 1955 ta shigo da shi yankin shi ne dokar Ingila. Wanda yake neman takardar da za ta buɗe masa ƙofar aiki ya ajiye kuɗinsa.

Wanda kuwa ya riga ya yi lisans a tsarin Faransa, yana da Turancin da zai karanta hukunci mai shafi talatin, kuma aikinsa yana haɗa shi da lauyoyin yankin Ingilishi ko na Yola da Mubi, zai amfana ƙwarai, musamman da kashi biyun farko. Ana iya sayen kowane kashi shi kaɗai, abin da ban lura da shi ba sai bayan na biya duka. Wata abokiyar aikina da take shirin yin rajista a Satumba mai zuwa na ce mata ta ɗauki na ɓarna da na laifuka, ta bar na ukun, ta kuma fara sauraron rediyon Ayilan ta intanet tun yanzu don kunnenta ya saba. Takardar shaidata ta iso ta imel a watan Mayu, ta ainihin kuma an ce sai na ƙara Yuro 35 na aikowa, ban biya ba tukuna.